Shekarar da Na Mallaki Kowane Rami

Ku matso kusa, ga wata nan na kawo muku da zafinta. Wannan karon ba ta kowa ba ce, tawa ce, don haka in kun ji an yabi wani a ciki fiye da kima, kun san dalili.

Ni ne Kurege, sunan yanka Nomau, ko da yake tun da nake ban taɓa shuka ko ƙwayar gero ɗaya ba. Iyayena sun yi fata nagari, ni ne dai ban ba su haɗin kai ba.

A dajinmu akwai wata tsohuwar kuka, a gindinta kuma akwai wani tsohon kunkuru da ake kira Malam Jatau. Dokar daji ta ce duk wanda ya ƙirƙiro wani abu sabo ya je gindin kukar nan ya faɗa, Malam Jatau ya zana a jikin itacen, mai abu ya danna tafin hannunsa. Daga ranar har damina bakwai, ba mai amfani da abin sai ya ba shi kasonsa. An yi dokar ne don ƙanana, kada mai ƙarfi ya ƙwace dabarar marar ƙarfi. Doka ce mai kyau. Aibinta ɗaya: ya kamata Malam Jatau ya je ya ga abin da idonsa kafin ya zana, amma tafiyar da ni zan yi kafin in gama tauna gyaɗa, shi sai ya kwana uku a hanya. Saboda haka ya daina zuwa. Abin da bakinka ya faɗa, shi zai zana.

Ina da wata maƙwabciya, bushiya, sunanta Tasalla, mai 'ya'ya huɗu. Kowace bazara yunwa ke kama gidanta, don duk gyaɗar da ta ajiye sai ta lalace. Shekara uku tana fama. Ta farko ta haƙa rami ta zuba, gara ta cinye. Ta biyu ta shimfiɗa ganye, danshi ya ruɓar. Ta uku ta shafe ramin da yumɓu, ta zuba toka, ta zuba ƙaiƙayi, ta zuba gyaɗa, ta sake toka, haka har baki. Bazara ta zo, kowa cikinsa na kuka, ta tona, gyaɗa ta fito garau kamar jiya aka cire.

Sai ta yi kuskuren da ya fi kowane girma a rayuwarta. Ta kira ni in ɗanɗana.

Na ci, na ƙara, na yaba hannunta. Ta ce saura abu ɗaya, tana saƙa wa ramin murfi na sandunan geza da yumɓu, mai ƙarfin da ko ɓauna ta taka ba zai rufta ba. In ta gama za ta je gindin kuka. Na tambaye ta yaushe, kamar mai tambayar lafiyar yara. Ta ce jibi, in Allah ya kai mu. Na ce Allah ya kai mu, har da shafa fuska.

Da gari ya waye, kafin raɓa ta bushe, ina gaban Malam Jatau.

"Me ka ƙirƙiro, ɗana?"

"Rami, Malam."

Ya miƙo wuya ya daɗe yana kallona. Ya ce shi dai a saninsa kakarsa a rami ta yi ƙwan da aka ƙyanƙyashe babansa. Na ce ba na musu da manya, amma ya duba jikin kukar, ko akwai inda wani ya taɓa zana rami. Ya soma zagaye. Azahar ta yi bai gama rabi ba, wuyansa ya ƙage, ya ce bai gani ba. Ina zai gani? Wa zai tashi takanas ya zo ya yi rajistar rami, in ba ni ba?

Na gyara zama na yi masa shifta a hankali: duk wurin da aka cire ƙasa aka bar shi fanko, ƙarami ko babba, mai toka ko marar toka, da abin da aka zuba a ciki, da abin da aka ɗora a kai. Ya zana. Na danna hannu. A hanyar gida har rawa na yi, ina yi wa kaina kirari, tun da ba mai yi mini:

"Ni ne Nomau mai noma da baki. Wani ya haƙa, ni in shiga. Wani ya yi gumi, ni in yi gyatsa."

Ranar da Tasalla ta je gindin kuka, Malam Jatau ya nuna mata zanen ya ce an riga ta. Ta ce ai ita ba rami ta kawo ba, toka da ƙaiƙayi da murfi ta kawo. Ya karanta mata abin da aka zuba a ciki da abin da aka ɗora a kai. Ta ce za ta yi ƙara. Ya ce ƙofa a buɗe take, akwai ƙararraki a gabanta, tata za ta zo bayan damina biyu, kuma kafin nan kada ta taɓa ramin sai da yardar mai shi.

Ta same ni a ƙofar gida ina sakace.

"Nomau, kai da ka ci gyaɗata da hannunka?"

"Iya, ni ma abin bai yi mini daɗi ba. Doka ce. Amma don maƙwabtaka, kashi ɗaya cikin uku kawai zan riƙa ɗauka."

Ta ce in aka cire ɗaya cikin uku, autanta ba zai kai damina ba. Na ce sai ta ƙara haƙa wani ramin. Ta ce shi ma ai nawa ne. Na ce to, ga shi har ta fara gane doka.

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zaga da ya fi mini sauƙi. Ta koma ta kwashe gyaɗarta, ta naɗe murfin da ba ta gama saƙawa ba, ta tasa 'ya'yanta gaba suka nufi ƙetaren kogi, inda dokar kuka ba ta kai ba. Ramin ta bar shi a buɗe. Da na ga bayansu na ji wani abu ya tsaya mini a ƙirji. Na zauna na saurare shi da kyau, ashe yunwa ce.

Sai na shiga zagaye. Ɓera ya ba da gero. Gafiya ta ba da gujiya tana ƙunƙuni. Damo ya ce ramin da yake ciki gado ne tun kakanni, na ce ya je ya shiga layin ƙara, sai ya kawo ƙwai biyu ya ce a bar maganar. Ba wanda ya yarda ina da gaskiya. Kowa dai ya auna ya ga biyana ya fi damina biyu sauƙi.

Amma ƙanana ba su da abin kirki, idona yana kan Kura, mai rami kamar zaure. Matsalar ita ce in na je mata a matsayin Kurege, kafin in gama sallama na zama karin kumallo.

Da gari ya waye na shafe jikina da farar ƙasa, na naɗe wutsiyata a ƙugu na rufe da ganyen ayaba, na kifa ɓawon ƙwan jimina a ka. Na tsaya nesa da ƙofarta na yi gyaran murya irin ta waɗanda suka ƙoshi. Na ce ni lauya ne daga birni, wakilin mai ramukan daji. Ta yi dariyar nan tata, ta ce in matso ta gan ni sosai. Na ce daga nan ma ina jin ta.

"Gwaggo, ba faɗa ya kawo ni ba. In kin ƙi, sai mu je gaban Zaki. Abin da kawai nake tausaya miki, kafin a yanke hukunci sai an shiga ramin an auna shi ciki da bai, an fito da duk abin da ke ciki an shanya."

Dariya ta tsaya. Ni da ita mun san ƙasusuwan barewar da Zaki ya ajiye ta ɓace tun makon jiya ba su yi nisa ba. Ta ce ai maganar ba ta kai can ba, mu daidaita. Kafin la'asar ta kawo mini kwandon goruba, ita ma daga birai ta ƙwato. Na ɗauka ina tafiya, bakina na kirari ƙasa-ƙasa: ni ne Nomau da Kura ke yi wa dako.

Na yi ƙiba, jama'a. Wuyana ya ɓace. In na zauna sai na yi nishi, in na tashi sai na yi biyu.

Abin da ban lura da shi ba, daji ya daina haƙa. Gafiya ta cike raminta ta koma kogon itace, na je karɓar kaso ta ce in nuna mata ƙasar da aka cire. Ɓera ya koma ƙarƙashin duwatsu. Damo ya daɗe yana tunanin yadda zai ja ruwa daga kogi zuwa fadama ta wata 'yar hanya, da ya tuna sai an cire ƙasa, ya haɗiye dabararsa, fadama ta bushe. Kura kanta ta tura ƙasa ta toshe zaurenta ta koma kwana a sarƙaƙiya. Kowa ya cike nasa ya daddaɓe. Rami biyu suka rage a dajin kaf, nawa da na Tasalla, wanda ba mai cikewa, ciyawa ta rufe bakinsa.

Da gari ya waye wata Talata, Giwa ta fito za ta kogi, ta zuba ƙafar gaba a ramin Tasalla har gwiwa. Ƙarar da ta yi sai da 'ya'yan kuka suka zubo. Ta zaro ƙafar da targaɗe, ta tara daji kakaf, ta yi tambaya ɗaya: ramin wane ne?

Tun da aka kafa dajin nan ba a taɓa jin dabbobi sun haɗa baki ba sai ranar, kowa ya ce na Nomau ne. Har Malam Jatau, da aka ɗauko shi a ka, ya karanta zanen tiryan-tiryan, ƙarami ko babba, mai toka ko marar toka.

Ni kuwa ban rasa dabara ba, ko in ce na ɗauka ban rasa ba. Na shafa farar ƙasa, na naɗe wutsiya na ɗaure ganyen ayaba da igiya, na kifa ɓawon ƙwai, na fito da tafiyar ƙasaita. Na durƙusa na ce ranki ya daɗe, mai ramin ya yi tafiya gabas, ni wakili ne, za mu duba koken in ya dawo. Giwa ta tambaya me ya sa rami ba murfi. Gafiya ta yi caraf ta ce akwai mai saƙa murfi, wanda ko ita Giwar ta taka ba zai rufta ba, amma an kore ta da doka. Zufa ta fara keto mini, farar ƙasa na bin ta. Kuma ganyen ayabar nan, lokacin da na auna shi ba ni da tumbi. Na ja numfashi zan yi bayani, igiya ta tsinke, wutsiya ta yi tsalle ta miƙe a gaban kowa.

Kura ta matso ta shinshina ni a hankali.

"Lauya, kana ƙamshin gorubata."

Nan take na ce na yafe, na bar wa duniya rami sadaka, a goge zanen. Malam Jatau ya ce ana gogewa, amma akwai layi, sai bayan damina biyu.

Giwa ta naɗe ni da hanci ta yi sama da ni. Daga can na ga dajin duka, wuri mai kyau, ban taɓa sani ba. Na faɗo cikin ƙaya, na tashi na zuba a guje, Kura a baya. Duk kuregen da aka biyo abu ɗaya ya sani, ya faɗa rami mafi kusa. Na nufi na Ɓera, a cike. Na Gafiya, a daddaɓe sumul. Na Damo har ciyawa ta tsiro a kai. Ina gudu ina tsine wa duk wanda ya jawo wannan, sai da na kai rabin tsinuwar na tuna ko wane ne.

Na isa nawa, na tura kai, kafaɗa ta shiga, tumbi ya ce shi ba inda za shi. Gero da gujiya da goruba suka tsaya a bakin ƙofa suna ba da shaida. Kura ta kama wutsiya ta ja, na fito fit, ita kuma ta koma da baya da rabin wutsiyar a baki. Ta karɓi nata kason, kuma ta fi ni tsada, ni ɗaya cikin uku nake ɗauka. Kafin ta tofar na kai kogi, na ɗare wani gungume, ruwa ya yi ƙetare da ni.

Na fito jiƙe, ido ɗaya a kumbure, ina ɗingishi. Ina hawa gaɓa sai ga ramuka jere, kowanne da murfinsa na geza da yumɓu, tsaf. A kan na tsakiya Tasalla ce zaune, 'ya'yanta huɗu cif suna ɓare gyaɗa, autan ma ya fi kowa kumatu. Ta dube ni daga sama har inda na ƙare. Ta gyara zama a kan murfin.

Na gaishe ta da ladabi, na tambayi yara, na yaba aikin. Sannan na rage murya.

"Iya, don Allah, a nan gefen akwai kuka? Da ɗan tsoho a gindinta?"

Ƙayoyinta suka miƙe gaba ɗaya, na yaran ma haka. Ban jira amsa ba, na ci gaba da gudun da na fara.

Nan tatsuniyar ta tsaya, ta naɗe tabarmarta. In kun sami ƙarya a ciki, tawa ce, ni na ƙirƙiro ta. Duk wanda ya ba wani labarin nan kuma, ya ajiye mini ɗaya cikin uku na abin da aka ba shi.