Ɗamarar da Fannami Ya Ɗaura wa Tanki

A zamanin Turawa an yi wani maƙeri a Haɗejiya, ana ce masa Fannami. Duk wanda ya ce muku ya fi ni sanin labarinsa, ku turo min shi. Hannunsa kam akwai kyau, ko ni da ba na yabon kowa sai kaina na yarda da wannan. Aibinsa ɗaya ne, bakinsa bai iya cewa "ban iya ba". Da za ka kai masa fasasshiyar inuwa, sai ya ce ka ajiye ka dawo da la'asar.

To, wani kamfanin Turawa ya haƙa rijiyar burtsatse a bakin fadama saboda masu lambu. Aka kafa inji da wani ƙaton tankin ƙarfe rufaffe. Injin yana cusa ruwa da iska a ciki har ya yi tam, ƙarfin iskar nan ke kora ruwan cikin lambuna. Sai dai ruwan yana tahowa da wata muguwar iska daga ƙarƙashin ƙasa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta taru a saman tankin.

Bakaniken da ya kafa shi, wani Umara daga Kano, ya damƙa wa Fannami kula da shi. Ya ja masa kunne cewa iskar nan ta ciki take cin ƙarfe, kamar gara da azara. In ya ga tsaga, ya kashe inji, ya saki iskar, ya kori mutane, ya aika Kano. Fannami ya ce to, amma a ransa cewa yake wai yau shi za a koya wa ƙarfe.

Aka kwana biyu. Wani rani, albasa tana tsakar son ruwa, jikin tankin ya fara kumbura nan da can kamar mai ƙuraje. Sai ga tsaga siririya a bakin ɗinkin ƙarfen, tana huci.

Wanda ya fara gani shi ne Kolo, taubashin Fannami, ɗan gwaggonsa Hajja, mai lambu a gefen tankin. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Maƙerin bokiti," in ji Kolo, "tukunyar Turawa ta fi ƙarfinka. In aika Kano ne a zo a cece ka?"

"Kai da ko lauje ba ka iya wasawa? Kawo awartaki ka ga aikin manya."

Wasa Kolo yake yi, amma maganar ta soki Fannami. In ya kashe inji, kafin azahar duk fadama ta ji cewa ya kasa. Saboda haka ya bar injin yana ta aiki. Ya koma maƙera ya ƙero ɗamarar ƙarfe irin wadda yake yi wa turmi in ya dare, ya zagaye tankin da ita. Kolo ya riƙe bakinta da awartaki, Fannami kuma ya sa kurfi, wato ƙarfen huda na maƙera, da guduma yana dukan leɓen tsagar don ta haɗe.

Can sai Kolo ya ce kansa yana juyawa, idonsa yana yaji, a bari su sha iska. Fannami ya shaƙa, ya ji warin ya ɗauke ƙaf. Ya yi dariya ya ce ai ga shaida nan, tsaga ta rufe, saura duka ɗaya. Bai san cewa iskar nan in ta yi yawa hanci take fara kashewa ba. Warin yana nan, shi ne ya daina ji.

Ya ɗaga guduma ya sauke. Tankin ya yage daga sama har ƙasa. An ce har masunta a kan kogi sun ji ƙarar. Ɗamarar ta tsinke ta sami Kolo a ƙirji, ko shurawa bai yi ba. Fannami kuwa aka tsince shi cikin albasa, jini na fita ta kunnuwansa. Ya rayu, amma daga ranar bai ƙara jin ko tsawa ba.

Da ya iya miƙewa, ya ja jiki zuwa gidan Hajja, ya durƙusa a bakin tabarmarta yana cewa, "Gwaggo, ni ne. Ni na kashe shi." Tsohuwar ta dube shi ta yi magana, doguwa, hawaye na zuba. Yana ganin bakinta yana motsi. Babu kowa a ɗakin sai su biyu. Kafin lokacin kaka Hajja ta rasu, kuma har Fannami ya bar duniya yana tarar mutane yana tambayarsu ko ta taɓa gaya musu abin da ta ce masa.

To jama'a, darasin a fili yake. Wanda ya iya abu tara, kada kunya ta hana shi cewa bai iya na goma ba. Ɓarnar da ta faro daga ciki ba a rufe ta da faci a waje, kuma in wanda ya san abu ya ce ka tsaya, ka tsaya. Girman kai ba mai shi kaɗai yake kayarwa ba, yakan fara da wanda ya tsaya kusa da shi don ƙauna.