Ƙanƙarar da Ba Ta Narkewa

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

To ku matso, amma yau kada wanda ya sa ran dariya da yawa.

A wani gari can da daɗewa an yi wani mahaƙin rijiya, ana ce masa Cindo don yatsu shida gare shi a hannun dama. Ba shi da kowa a duniya sai uwarsa, Iya Lanti, tsohuwa tukuf, ido ya tafi, ƙafa ta ƙi. Aka yi shekara biyu sama ba ta zubo ba. Rijiyoyin garin suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, har aka koma rabon ruwa da ludayi. Dattawa suka zauna suka yanke shawara: in kwana bakwai suka cika ba a sami ruwa ba, gari zai tashi.

Da Cindo ya kai wa uwarsa labari sai ta ce, "Ni ko a bayan jaki aka ɗora ni, ba zan kai zango na farko ba. In kana so in rayu, ɗana, samo mini ruwa a nan."

Ya ɗauki dagi da igiya da kwando. Haƙar rijiya kuwa aikin mutum biyu ne, ɗaya a ƙasa yana sara, ɗaya a sama yana jan ƙasa. Mazan garin duk ƙishirwa ta kayar da su, ba wanda ya fito sai Gizo. Kun san Gizo ba ya aiki don Allah. Ya lura ne cewa mai riƙe da igiya shi zai fara jiƙa maƙogwaro.

A zamanin da, mahaƙa ba sa kafa dagi sai sun nemi suri, domin gara ba ta gini inda babu laima a ƙasa. Cindo ya sami wani babban suri a bayan gari, ya yi taku bakwai daga gindinsa don kada ya rushe wa masu gida ɗaki, ya watsa musu dusa cikin tafi, ya yi sallama. Uwar gara ta leƙo.

"Ka san ladabi," in ji ta. "Haƙa a nan. Amma ruwa ka zo nema, ka riƙe wannan."

Ranar farko ya haƙa jar ƙasa. Rana ta biyu ya haƙa marmara. Rana ta uku ya yi ta fama da dutse har tafinsa ya fashe. A rana ta huɗu da hantsi ya kai sara, sai dagin ya zurma. Ya buɗa ramin, ya kunna fitila, ya sauka.

Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, zagayayye kamar cikin tulu, ya fi zauren mai gari faɗi sau uku. Ta sama, ta ƙasa, ta kowane gefe, duwatsu ne suka tsiro masu tsini, waɗansu sun fi mutum tsawo. Waɗansu garau, kana hango hannunka ta cikinsu, waɗansu shuɗi-shuɗi sai ka ce an tsoma su a marina. Fitilarsa guda ɗaya ta koma dubu. Cindo ya zauna a ƙasa, ya yi salati.

Uwar gara ta fito daga wata 'yar tsaga ta ce, "Ruwa ne ya gina ɗakin nan, ɗigo bayan ɗigo, tun ba a haifi kakan kakanka ba. Yanzu yana ƙarƙashin ƙafarka. Sara uku a gindin wancan babban dutse, zai ɓullo. Amma in ya ɓullo zai cika ɗakin har baki, kuma ba idon da zai sake ganinsa."

Cindo ya ɗaga dagi, ya dubi ɗakin, ya sauke. Ya ɓalli ɗan guntu ya sa a kwando, ya girgiza igiya. Kafin ka ce kwabo sai ga muryar Gizo daga sama, da tsamin bakin nan nasa.

"Cindo, akwai irin wannan da yawa?"

"Ɗaki guda. Ruwan yana ƙarƙashinsa, in na sara duk za su nutse."

"To kada ka sara. Ruwa gudu yake yi? Yana nan inda yake. Saura kwana uku. Mu kwashe yau, gobe ka sara."

Shi Cindo ba kwaɗayi ne ya kama shi ba, tausayin ɗakin ne. Ya kasa yarda hannunsa ne zai binne abin da bai taɓa ganin mai kyansa ba. Amma ni ban wanke shi ba, don ya san wadda ya bari a gida. Ya yini yana ɓalla, Gizo yana ja yana ɓoyewa a cikin ciyawa.

Da yamma uwarsa ta ce, "An kai ga ruwa, ɗana?"

"Saura kaɗan, Iya."

Kashegari ya sauka da niyyar sara. Fitila ta haska, niyya ta narke. Gizo ya ce, "Kwando goma kawai." Uwar gara ta ce, "Ruwa ka zo nema." Cindo ya ce ya sani, ya ci gaba da ɓalla. Da yamma uwarsa ta sake tambaya, sai da ya sunkuya kafin ya ji muryarta. Ya ce saura kaɗan.

A rana ta shida ma haka. Gizo ya ce kwando biyar. Uwar gara ta dube shi ta koma tsagarta. Da azahar Cindo ya zaɓi dutse mafi kyau, ɗan ƙarami garau, ya hau ya tafi gida. So yake uwarsa ta taɓa, ko ta gane abin da ya tsayar da shi. Ya buɗe tafinta ya sa mata.

Dutsen da sanyi, don daga ƙarƙashin ƙasa ya fito. Tsohuwa ta shafa, fuskarta ta washe.

"Ƙanƙara? Ashe an yi ruwa ban ji ba. Alhamdu lillahi."

Kafin ya hana ta, ta kai baki. Ta tsotsa, ta tsotsa, ta juya shi da busasshen harshe. Can ta fitar, ta miƙa masa.

"Ɗana, wannan ƙanƙarar ba ta narkewa."

Kunya da tsoro suka rufe Cindo, ya fita da gudu. Ya tarar Gizo ya riga ya sauka cikin ramin yana cika taiki da duwatsu.

"Kwando ɗaya, Cindo, ɗaya tak."

Cindo ya ture shi gefe. Ya kai sara na farko, dutse ya amsa. Ya kai na biyu, ya tsage. A na uku ruwa ya ɓullo da ƙarfinsa, ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, ya kashe fitila. Cindo ya hau ta matakan da ya sassaƙa a jikin rijiya. Gizo ya saki taiki ya kama igiya da kyar, shi ya sa har gobe za ku gan shi a bakin rijiya yana reto da zare, yana leƙen abin da ya bari.

Gari ya ɗauka da guɗa. Cindo bai tsaya ba. Ya cika ƙwarya ya nufi gida, yana sauri yana tattalin kada ɗigo ya zuba. A ƙofar ɗaki ya tarar da maƙwabciyarsu zaune, ta rufe kai da mayafi. Ta dubi ƙwaryar, ta dube shi.

"Sai haƙuri, Cindo. Ba ta daɗe da cikawa ba."

Ruwan farko na rijiyar nan, da shi aka yi wa Iya Lanti wanka.

Gari bai tashi ba. Mutane suka sha, dabbobi suka sha, ana ta sa wa Cindo albarka. Shi kuwa ko an gode masa ba ya amsawa, don ya san tun yaushe ya isa ga ruwan.

To kun ji. In mai ƙishirwa ya aike ka, kada kyan abin da ka gani a hanya ya tsayar da kai. Abu mai kyau yana iya jira, rai ba ya jira.

Ƙungurus kan kusu, na sauke ta nan. Wani ya tashi ya ba ni ruwa in sha.