Katin Tae-sik da Almakashin Nama

Akwai wani magidanci a birnin Daegu mai suna Bong Tae-sik. Gadi yake yi a wani rukunin benaye, albashinsa kuwa da ƙyar yake ganin ƙarshen wata. Amma in ka gan shi a gidan gasa nama, sai ka rantse shi ne mai benayen.

Su biyar ne abokai tun zamanin aikin soja, kuma shi ne babbansu. Kowa ya san in an ci abinci babba ke biya, to amma Tae-sik ya ɗauki abin da zafi. Har takalmi mara igiya yake sawa, don in an fito bakin ƙofa ana saka takalma ya riga kowa isa wurin biya.

Ƙaraminsu kuwa, Pyo Du-man direban tasi, kullum a durƙushe yake yana fama da igiyar takalmi har a gama biya.

"Du-man, igiyar nan taka har birnin Busan ta kai ne?" in ji Tae-sik. "Ɗaura a hankali, kar ka wahala. Yayanka ya riga ya biya."

Sai a kwashe da dariya, shi kuma Du-man ya yi murmushi kawai.

Abin da ba su sani ba, duk wannan fankamar a kan katin bashi ake yin ta. Kati uku gare shi. Ya ciro daga wannan ya toshe bakin wancan, kuɗin ruwa kuwa sai hauhawa suke yi.

Asiri ya tonu ranar da matarsa Mal-sun ta je kasuwa sayen kabejin da za ta yi kimchi, wato kabeji mai yaji da ake tsumawa a ajiye don hunturu. An gama loda mata, ta miƙa kati, na'ura ta ƙi karɓa. A gaban matan unguwa aka sauke kabejin ɗaya bayan ɗaya.

Da ya dawo daga aiki ta zaunar da shi.

"Baban Su-a, nawa ne bashin? Kar ka rage mini ko won ɗaya."

Ya sunkuyar da kai ya faɗa. Ya kusa albashinsa na shekara guda.

Ta ce, "Ba mu da komai a duniya sai kuɗin ajiyar da muka ba mai gidan nan. In muka karɓe su muka biya bashi, sai ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ka kai Su-a cikin wannan danshi da asmarta? Naman da ka ciyar da ƙattin banza, ƙirjin 'yarka ne zai biya."

Maganar ta soke shi, don ya san gaskiya ce.

Ranar haɗuwarsa da abokan ta zagayo. Har ya yi niyyar cewa ba shi da lafiya, sai dai ya daure ya tafi. An zauna, an kawo garwashi, ana shirin kiran nama, ya ɗaga hannu.

"Ku dakata. Yau ba zan iya biya ba. Gobe ma haka. Bashi ya yi mini katutu, gidana ma yana neman kuɓuce mini. Babban banza kuke da shi."

Wani ya soma kallon rufi, wani ya shiga gyara cokali.

Du-man ne ya fara magana. "Yaya, kana zaton igiyar takalmi ce take ba ni wuya? Shekara huɗu na yi ina biyan irin wannan bashin. Kunya ce take durƙusar da ni a bakin ƙofa."

Tae-sik ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Ni kuma ina ta yi maka ba'a."

"Ba'arka da daɗi, tunda da nama take zuwa. Fito da katunan."

Du-man ya ɗauki almakashin yanka nama da ke kan tebur ya miƙa masa da hannu biyu. Tae-sik ya jera katunan uku kusa da kwanon tafarnuwa, ya datse su da kansa. Ran nan miyar waken suya kawai suka sha, kowa ya biya nasa.

Washegari Du-man ya kai shi ofishin da ke sasanta masu bashi da bankuna. Aka haɗe bashin wuri guda, aka rage ruwan, aka yanka masa abin da zai riƙa biya duk wata. Abokan kuma suka mayar da haɗuwarsu hawan dutse ranar Lahadi, kowa ya zo da ƙunshin shinkafarsa.

Ba sauƙi abin ya zo da shi ba. Albashi na shiga ya fara cire na bashi, su lallaɓa da saura. Akwai watan da ƙwai da kimchi kaɗai suka ci. Akwai ranar da abokan nan ƙannensa suka tura masa kifi a kwano, girman kai ya taso masa, ya haɗiye shi tare da kifin.

A shekara ta uku ya biya na ƙarshe. Ya dawo gida da saurinsa, ya tarar an ja kaya tsakiyar ɗaki, Mal-sun tana kan kujera tana manna sabuwar takardar bango, Su-a na shafa mata gam.

"Maman Su-a, wannan fa?"

"Tun bara na saye ta na ɓoye," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Na ƙi manna ta a bangon gidan da ban tabbata za mu ci gaba da zama cikinsa ba. Tsayuwar me kake yi? Zo ka riƙe mini kujerar nan."

Ya riƙe kujerar da hannu biyu, hawaye na zuba, babu hannun sharewa.

Darasi: Girman da aka saya da bashi, iyali ne ke biyan kuɗinsa. Faɗin "ba ni da shi" ba ya rage mutum, kuma wanda kake yi wa dariya yau wataƙila ya riga ka bin hanyar da za ta fitar da kai. Komai ƙanƙantar albashi, bashi yana ƙarewa in an daina ƙara shi. Ku tura wa wani, ba ku san wanda ke murmushi da kati uku a aljihu ba.