Kambun Tabawa

An ce a zamanin da, a wata ƙasa da mata ke kokawa bayan girbi kamar yadda maza ke yi, wani sarki ya kafa doka cewa kambun gwarzuwar kokawa ba a ajiye shi. Wadda ke ɗaure da shi a damtse za ta ci gaba da shiga fage har ranar da wata ta kai bayanta ƙasa. Wazirinsa Barmo ne ya ba shi shawarar, wai don kada maƙwabta su ce gwarzuwar sarki gudu ta yi. Shi kuwa wannan waziri, ko ɗan akuya bai taɓa kayarwa ba, amma in ana hirar kokawa a fada bakinsa ya fi na kowa.

Mai kambun a lokacin ita ce Tabawa, 'yar masu jimar fata. Tun tana budurwa ta fara, ta kayar da na gabas, ta kayar da na yamma, har aka aiko wata ƙatuwa daga bakin kogi wadda aka ce tana cinye cinyar rago a zama ɗaya, ita ma ta sha ƙasa. Sarki ya ba Tabawa gida da gona a fadama. Yanzu kuwa furfura ta fito, gwiwar hagu ta fara ciwo, in ta tashi da safe sai ta dafa bango. Abu ɗaya take so, ta bar fage ba a taɓa kayar da ita ba.

Da ta kai kukanta fada, waziri ya ja ta gefe. Ya yi ta kewaye-kewaye irin na mutanen fada, daga ƙarshe dai ya fito fili. Ƙanwarsa tana da 'ya, Azumi, yana so kambun ya shiga gidansu. Ya ce in Tabawa ta yarda ta faɗi a hannun yarinyar, gonar fadama ta zama tata har jikoki. In ta ƙi, to gonar sarki ce, kuma sarki yana jin maganarsa. Ya ƙara da cewa kada kowa ya ji shi ne ubangidan yarinyar.

Tabawa ta koma gida ranta a ɓace. Ta dubi gonar, ta dubi gwiwarta, ta ga ba ta da ƙarfin sake fara rayuwa a majema da ƙarnin fata. Gaskiyar magana, ta yanke shawarar faɗuwa.

Ranar kokawa gari ya cika, makaɗa suka ɗauki kiɗa, sarki ya zauna, fadawa suka jeru da manyan rawuna suna ta hura hanci kamar su za su shiga. Aka fito da Azumi, an ɗaura mata layu har ba ta iya ɗaga hannu sosai. Ta kama Tabawa. Kai, wannan kamu ko kaza ba za ta tsorata da shi ba! Hannu lallausa, ya sha lalle, sai ƙamshin turare ke tashi. Tabawa ta sassauta jiki, ta ba ta ƙafa, ta ba ta ƙugu, yarinyar ba ta ma san abin da ake ba ta ba. Tana ta ture-ture tana haki, can sai ta matso kunnen Tabawa ta ce, "Iya, ki faɗi mana, rana tana ƙona ni."

Nan Tabawa ta fasa faɗuwa. Matan da ta kayar a rayuwarta, kowacce sai da ta jiƙa ƙasa da gumi, ga wannan tana son kambu don rana ta dame ta. Ta sunkuya, ta ɗaga Azumi sama har layun suka zube, ta shimfiɗe ta a ƙasa kamar tabarma.

To a al'adar ƙasar, wadda aka kayar ba ta tashi da kanta, ubangidanta ne ke shigowa ya ɗaga ta, ya kakkaɓe mata ƙura. Kiɗa ya tsaya, aka jira, ba wanda ya motsa. Waziri ya shiga gyara rawaninsa yana kallon sama. Rairayi kuwa ya ɗauki zafi. Da Azumi ta ji bayanta na toyuwa, sai ta fashe da kuka, ta ce, "Kawu Waziri, ba ka ce za ta faɗi ba?"

Sarki ya juya ya dubi Barmo, ya daɗe yana dubansa. Ya umarce shi ya shiga fage ya goya 'yarsa har gida, kuma ya bar rawanin a nan. Haka ya ratsa taro da kai a buɗe, yarinya a bayansa tana shessheka, mata na tafa masa hannu.

Sannan sarki ya kira Tabawa, ya ce, "Dokar da aka kafa da ha'inci, yau na soke ta. Gona taki ce. Wa kike so ya gaji kambun?"

Ta kwance shi, ta ajiye a gabansa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ba gado ba ne. A sa shi a fage, mata su yi gumi a kansa."

Haka aka yi. Tabawa ta fita tana ɗingishi, ta koma fadamarta ta yi ta noman albasa har tsufa ya ci ƙarfinta. Ƙasa ba ta samu bayanta ba sai ranar da aka kai ta makwancinta.