Siasi da Mujallun da Kwamfuta ba ta Sani ba

Akwai wata ɗaliba 'yar ƙauyenmu na ƙabilar Inuit, can arewacin Kanada, sunanta Siasi. Tana karatun lafiyar mata a Montreal, ita kaɗai, ba dangin iya ba na baba.

A ƙauyenmu idan ciki ya tsufa, a jirgin sama ake ɗora mace a kai ta birni, ta haihu a hannun baƙi. Ƙanwar Siasi, Akinisi, tana da ciki, kullum sai ta kira tana kuka.

"Yaya, ni fa ba zan hau jirgin nan ba."

Hukumar lafiya ta ce za ta buɗe gidan haihuwa a ƙauyen idan an kawo hujjar cewa ungozomominmu sun iya. Aka ba Siasi aikin tare da wani ɗan ajinsu, Gaétan. Shi ya danna kwamfuta, ya leƙa rumbun bincike, ya miƙe.

"Babu komai. Abin da bai shiga nan ba, ba a taɓa rubuta shi ba."

"Tsofaffin mujallun ma'aikatan jinyar arewa fa? Ba a shigar da su ba."

"To malamar ƙura, a sha atishawa lafiya!"

Haka ta sauka ɗakin ƙasa na laburare, tana buɗe mujallu shafi bayan shafi. Babu mai ce mata sannu. Abincin rana ma a kan matakala take ci. Wallahi kaɗaici ya ci yarinyar nan, har ta kan yi wa kanta magana da yarenmu don kawai ta ji shi.

Sai da sanyi ya kusa fita ta same su: rahotannin haihuwar da ungozomomi suka karɓa a ƙauyuka, iyaye da jarirai lafiya. Hukuma ta karanta, ta amince.

A gida Akinisi ta haihu, Siasi ma ta dawo ƙauye, tana wajen. A wajenmu, wadda ta yanke cibiya ta zama uwar goyon yaro har abada. Tsohuwar ungozomar da ta karɓi haihuwar ta miƙa wa Siasi almakashi.

"Karɓi, 'yata. Ke kika hana jirgi ɗaukar yaron nan."

Siasi ta yanke cibiyar, hawaye na zuba.

Darasi: Don na'ura ba ta ga abu ba, ba shi ne babu shi ba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ku tura wa wanda ke fama shi kaɗai, ya san wahalarsa ba ta banza ba ce.