Furen Rawaya a Lambun Glenys

Akwai wani dattijo a garin Tully mai suna Warwick, mutum ne da ba a gaya masa ya ji. Matarsa Glenys tana da ɗan lambu a bayan gida. A tsakiyarsa akwai wata shukar fure da ta ciro daga gidan mahaifiyarta bayan rasuwarta. Ita kaɗai ta rage mata cikin shuke-shuken mahaifiyar, tana lallaɓa ta kamar jinjiri.

Sai wata ciyawa mai yaɗo, mai ƙananan furanni rawaya, ta ɓullo a gindin shinge. Kowa a yankin ya san halinta: ko guntun karanta ya taɓa ƙasa, sai ya yi saiwa.

Ana haka 'yarsu ta haihu a birnin Cairns, Glenys ta shirya tafiya.

"Warwick, don Allah kar ka sa wa ciyawar nan injin yanka," in ji ta. "Da hannu ake tuge ta, a ƙulle a leda."

"Haba tsohuwa! Sabon injina yana ajiye, ni in tsaya tsinkar ciyawa? Je ki ga jikanki."

Tana fita ya hau inji ya aske wurin tas. Abin haushin ma bai ƙare nan ba. Ya kwashi yankakkiyar ciyawar ya shimfiɗa a lambun Glenys don ƙasa ta riƙe laima, kamar yadda ya saba yi da ciyawar tsakar gida. Wai shi gwaninta!

Damina ta kankama, ruwan Tully kuwa ba ya wasa. Da ya ga tsiro ya fara leƙowa, ya ce bari ruwa ya ɗauke tukuna kafin ya tuge. Ina! Ruwa bai ɗauke ba.

Ranar da Glenys ta dawo, lambun duk ya zama rawaya. Ko jakarta ba ta ajiye ba, ta shiga tana yaye yaɗon da hannu har ta kai tsakiya. Shukar mahaifiyarta ta ruɓe, sai baƙin kututture.

"Taimako na yi niyya," in ji Warwick, murya ƙasa-ƙasa.

"Abu ɗaya tak na roƙe ka," ta ce, hawaye na zuba. "Shi ke nan, ba ni da sauran abin da Mama ta shuka da hannunta."



Darasi: In mai abu ya gaya maka yadda za ka kula da abinsa, ka saurara, ko da kana ganin ka fi shi sani. Akwai ɓarnar da ban haƙuri ba ya gyarawa. Ku tura wa masu kunnen ƙashin da kuka sani.