Yaron da Aka Baro a Kan Dutse

Ku gyara zama, ku ji abin da ya sami gidan Jatau, don a ƙarshe ku ne alƙalai.

Kakanninsu a kan dutse suka zauna kafin gari ya sauko ƙasa. Saboda haka duk shekara, idan an gama shigar da amfanin gona sanyi ya kankama, sai gidan ya ɗunguma ya hau, a nuna wa yara kufan kakanninsu, a yi wa mamata addu'a. A waccan shekarar har da Sallau, ɗan farin Jatau da matarsa Hansai, yaron da ko haƙoran gaba bai gama mayarwa ba.

Iya Tabawa, mahaifiyar Jatau, ta fi kowa son yaron, kuma ba ta ƙyale shi da tsokana irin ta kaka da jika. Da aka zauna hutawa a kufai, ta hango itacen kanya a gefen wani kwazazzabo, ta ce, "Kai mijin nan nawa rago ne! Ko kanya ba ka iya tsinko mini? To, na sake miji." Aka yi dariya, ita har ta manta. Yaro kuwa bai manta ba, ya sulale.

Da la'asar iska ta taso mai shiga ƙashi. Jatau ya saɓa wani maraya, ɗan ƙanensa, wanda zazzaɓi ya rufe tun a hanya, ya ce a sauka maza. Sun ɗan taɓa tafiya ya ji wani siririn kuka daga baya. Ya tsaya, ya saurara, ya ji maraya na kakkarwa a kafaɗarsa, sai ya ce, "Kukan rema ne, dabbar nan ta cikin duwatsu. Mu tafi."

Hansai tun ana naɗe tabarmi ta ga babu ɗanta. Amma surukarta na gefe, yayyen mijinta na gaba, kuma mace ba ta cigiyar ɗan fari a gaban surukai, ko sunansa ba ta kamawa. Ta yi ta waige, tana gaya wa zuciyarta yana cikin yaran da suka ruga gaba. Sai a gindin dutse, rana ta kusa faɗuwa, ta iya buɗe baki ta ce, "Iya, yaron nan fa ban gan shi ba."

Maza suka koma da fitilu, ba su same shi ba sai da gari ya waye. Ya faɗa tsagin dutse, ƙafa ta karye, sanyi ya ƙarasa shi. Ni da ke ba ku labarin nan, har yau in na tuna sai zuciyata ta karye.

A wasu gidajen da sai a yi ta nuna wa juna yatsa. A nan kowa kansa ya nuna, kuma ba wanda ya ce Allah bai ƙaddara ba.

Iya Tabawa ta ce, "Bakina ne ya tura shi." Daga ranar ta daina wasa da jikoki, in sun zo sai ta kau da kai.

Jatau ya ce, "Ya kira ni, na ji shi, na ce dabba ce." Marayan da ya sauko da shi ya warke, amma Jatau ba ya iya haɗa ido da yaron.

Hansai ta ce, "Ni kaɗai na sani tun da sauran rana, na zaɓi kunya." Sunan da ba ta taɓa faɗa ba yana raye, yanzu shi take kira in tana daka ita kaɗai.

To, jama'a, da tsohuwar da ta yi wasa, da uban da ya ceci ɗan ƙanensa, da uwar da ta yi abin da aka tarbiyyantar da ita a kai, wane ne a cikinsu ya faɗi gaskiya da ya ce alhakin Sallau a wuyansa yake?